Damon Saman Bene

Aƙiƙ, Madina

Zuwa ga ƙanena Khalilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, wadda na yi don addini ya ce a yi, ina fatan kuna lafiya, kai da matarka Mariam da dodon da kuke kiwo a saman bene.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Na toshe lambarka a jawwal tun ranar da ka same ni a ƙofar mustashfa, wato asibiti, jini ya jiƙa min abaya, amma tambayarka ta farko ita ce wai ko na rufe kejin kafin in sauko. Ba na son jin muryarka yanzu. Maigidana, Abban Marwa, yana bi ta Sultana in zai tafi aiki, shi zai ajiye maka wannan a shagon tsuntsayen da kake tsaro. In kana da amsa ka ba shi. Rubutun kuma ka karanta shi a haka, da hagu nake yi, ka san dalili.

Tunda ba ka tambaya ba, bari in gaya maka abin da ya faru. Ranar Juma'a na zo gaida Inna, na ga kayanta sun taru, na wanke, na hau sama in shanya. Ina sunkuyawa kan bokiti sai na ji an cafke min hannun dama kamar an datse shi da ƙofar mota. Damon nan naka ne, mai tsawon hannun mutum, ya riƙe ya ƙi saki. Na yi ihu, na fizga, na buga shi da bango, har sai da Mariam ta hawo ta ɗura masa ruwan khal mai tsamin nan a baki sannan ya saki. Ɗinki bakwai aka yi min. Yau ni da girmana da hagu nake cin abinci a gaban 'ya'yana.

A garinmu yara ne ke farautar damo su gasa. Kai kuma ka zo birnin Manzon Allah ka gina masa ɗaki, ka sa masa fitila, kana yi masa hidimar da ba ka taɓa yi wa ɗan'uwanka ba.

Inna tana wurina, kuma a wurina za ta zauna. Ta bar ƙauye da tsufanta ne don ta ƙarasa kwanakinta kusa da Harami, ba don ƙadangare ya cinye ta ba. Muddin wannan abin yana numfashi a gidanka, ba za ta sake taka unguwarku ta Harra ta Gabas ba. Ka zaɓa.

Ka huta lafiya.
Yayarka, Tasallah


Sultana, Madina

Zuwa ga Yaya Tasallah,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina gaishe ki da jiki, Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne. Ki gaida min Inna, ki ce mata ɗakinta yana nan a share.

Na tambayi kejin ne saboda Inna tana cikin gidan a lokacin, ba don hannunki bai dame ni ba. Amma ke dama tun muna yara sai ki ɗauki maganar mutum ta inda ta fi zafi. Kin ɗauke mana uwa da rana tsaka ina wurin aiki, ko sallama babu, har da carbinta da ƙwaryar furarta. Ni na yi mata takardun ziyara, ni nake sabuntawa, a gidana ta sauka. Wannan ba kula ba ce, ƙwace ne.

Damon nan kin san tarihinsa. Cikin kayan da aka kawo wa mai shagonmu daga Afirka ya zo, ƙarami, ya rame, ba mai saye. Za a jefar da shi na ɗauko. Baƙo ne irina, jirgi ya kawo shi ƙasar da ba tasa ba. Shekara uku yana wurina bai taɓa cizon kowa ba, kuma ba don haƙurin da ake cewa damo yana da shi ba. Wannan zancen mutanen gida ne da ba su taɓa kiwonsa ba. Tsari ne na yi masa. Ban taɓa ba shi abinci da hannu ba, ko sau ɗaya. Da dogon awartaki nake miƙa masa, irin na ɗaukar garwashi, kuma sai na ƙwanƙwasa kwanon ƙarfe tukuna. Ya san ƙarar kwano ita ce abinci, hannu kuwa ba komai ba ne. Shi ya sa nake iya ɗaukarsa in wanke kejin.

Cizon damo iri biyu ne. In tsoro ya ji, ba ya fara da baki. Zai kumbura jiki, ya yi huci, ya tsula miki jela kamar bulala, sai in kin matsa sannan ya ciza, kuma ya saki ya gudu. In kuwa cizon abinci ne, shiru yake zuwa, yana zaro harshe, ya kama ya riƙe, don a ganinsa ya samu nama. Fizgar da kika yi ita ta yaga fatar. Muƙamuƙinsa na fasa dodon-koɗi ne, ba a ja-in-ja da shi.

Saboda haka ki amsa min abu biyu, ki ajiye zagin zuwa gaba. Ya yi huci kafin ya kama ki? Kuma me kika taɓa kafin ki hau? Ni na san da sakata na bar kejin da safe.

Ba zan zaɓa tsakanin uwata da dabba ba, don ba ke ce za ki shimfiɗa min wannan zaɓin ba. Ki dawo da Inna.

Wassalam.
Ƙanenki, Khalilu


Aƙiƙ, Madina

Khalilu,

Assalamu alaikum. Na gode da addu'a, na kuma gode da karatun da aka ba ni. Ashe laifina ne da ban tsaya na miƙa masa ɗaya hannun ba. Da na sani da na jira ya ƙoshi.

Ga amsarka, malamin ƙadangaru. Bai yi huci ba, bai kumbura ba. Na dai ji ƙarar farce a kan siminti, na waiga na gan shi yana tahowa da sauri kamar yaron da uwarsa ta dawo daga kasuwa. Kafin in miƙe ya kama ni. Abin da na taɓa kuwa, ƙwai na ɓare wa Inna da safe, sai kuma sabulun wanki. In ɓare wa uwa ƙwai laifi ne a gidanka, sai ka rubuta a ƙofa.

Batun sakata, ban taɓa kejinka ba, ko kallonsa ba na son yi. A buɗe yake. Ka ce kai ka rufe. To ko dai ka yi ƙarya, ko kuma dabbar taka ta koyi buɗe ƙofa, kuma duk biyun ba su sa in mayar maka da tsohuwa ba.

Ka ce ƙwace. Ni ce 'yar fari, Khalilu. Na goya ka, na wanke maka kashi, kafin ka san mene ne takardar ziyara. Inna tana nan lafiya lau. Ɗakinta da mukayyif mai hura sanyi, ba kamar wancan akurkin naka da ake gasa mutum ba. 'Ya'yana Marwa da Umair suna shiga su gaishe ta kullum. Ba ta cika magana ba, amma ka san ta da ni, kunyar ɗan fari ba ta barinta ko sunana ta kama, balle hira. Abu ɗaya dai, tana yawan tambaya ko Ɗan Ƙauye ya ci abinci. Ban san wane ne ba. In wani maƙwabcinku ne da take ba sadaka, ka ce masa ta gaishe shi.

Abban Marwa ya ce in ka ci gaba da taurin kai, ya san ofishin baladiyya da ake kai ƙarar masu ajiye irin waɗannan dabbobi a cikin unguwa. Ni na hana shi, saboda iƙamarka ta zaman ƙasar nan. Kada ka sa in daina hana shi.

Ka gaida Mariam, ita ce mai hankalin gidan.
Tasallah


Sultana, Madina

Yaya Tasallah,

Wa alaikumus salam. Ina gaida Inna, ina gaida maigidanki Malam Abdussamad da yara. Ki gaya masa na ji saƙon baladiyya. Shi ɗan ƙasa ne, ni mai iƙama, ya san inda zai taɓa ni. Ban zaci za a kai nan ba tsakanin 'yan ciki ɗaya.

Amsarki ta tabbatar min da abin da nake tsoro. Cizon abinci ne. Wani ya daɗe yana ba shi abinci da hannu a bayan idona, har ya koya masa cewa hannun da ya miƙo ƙasa ƙwai ne. Ke kuma kika hau da warin ƙwai a yatsu, kika sunkuya. Bai ga Tasallah ba, abincinsa ya gani.

Da na duba sai komai ya fito. Bayan tankin ruwa na tarar da ɓawon ƙwai tsibi guda, an tura shi lungu. Ya yi ƙiba a gindin jela, ni kuma ina ta murna wai kiwona ne ya karɓe shi. Yanzu ko motsin ƙofar sama ya ji sai ya rugo ya daki wayar kejin da baki. Jiya na ƙwanƙwasa kwano bai ko kalle shi ba, hannuna yake bi da ido. Aikin shekara uku an rushe min shi.

Na tsare Mariam, ta rantse ba ta hawa sai da shanya, kuma tsoronsa take ji. Ba mu da yara a gidan. Su wa ke zuwa duk Juma'a su hau sama da waya a hannu? Umair ne da Marwa. Na taɓa jin Umair yana ce wa abokinsa zai ɗauki hoton waral, wato damon, yana cin abinci. Ki tambayi 'ya'yanki, in za su iya amsa miki da Hausa. Ke kika kawo masu ɓata shi, ya cije ki, sannan kika hukunta ni da ɗauke min uwa.

Ɗan Ƙauye kuwa ban san shi ba. A unguwarmu ba mai wannan suna. In Inna ta fara kiran mutanen da babu su, to zaman ɗakin sanyin nan ne shiru ba abokin magana. A wurina aƙalla tana jin hayaniyar lungu.

Ina nan ina jiran ta.

Wassalam.
Khalilu


Aƙiƙ, Madina

Khalilu,

Sallama a taƙaice.

Ka ɗora wa 'ya'yana laifi. To zauna ka ji.

Jiya da hantsi na nemi Inna a ɗaki babu ita. Na same ta a tsakiyar matakalar benenmu, ta dafa bango tana haki. Nan ba irin gidanku ba ne, ƙofar sama a kulle take, mabuɗin yana wurin mai gadi. Na kamo ta muka sauko, sai na ji abu mai tauri a haɓar zanenta. Dafaffen ƙwai ne, wanda na ba ta da safe. Ta ce ta manta ne ba a Harra take ba.

Na zaunar da ita, na ce bari in wanke mata hannu in sabunta lallen, tunda ya fara koɗewa. Ta ƙi ba ni na dama. Na kama da ƙarfi, Allah ya yafe min. Khalilu, a ƙarƙashin lallen nan tabo ne. A gindin babban yatsa, a gefen tafin hannu, wani ya warke, wani bai gama ba. Ka tuna yadda ta koma ƙunshi baƙi ƙirin a hannu ɗaya, muna tsokanarta wai amarci take yi? Ɓoyewa take yi. Na sa Marwa ta ɗauki hoton an wanko, ga shi nan cikin takardar, ka kalla da kyau.

Ɗan Ƙauye damonka ne. Da ka fita aiki, Mariam ta shiga barcin hantsi, sai ta lallaɓa ta hau da gwiwoyin nan nata, ta zare sakata, ta zauna a ƙasa ta ba shi ƙwai a tafin hannu. Rannan yatsunta ne suka kasa mayar da sakatar daidai. Na ce mata, "Inna, ba ga awartaki nan a rataye ba?" Ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Ke, ana miƙa wa mai rai abinci da ƙarfe? Ni ban iya ba. Bismillah nake yi in ba shi da dama, kamar yadda ake ba kowa. In ya haɗa da yatsa ba da gangan ba ne, zumuɗi ne."

Dabbarka ta daɗe tana tauna hannun uwarmu a gidanka, kai kana ƙasa kana ƙwanƙwasa kwano kana jin kai gwani ne. Kullum da safe kana durƙusawa ka gaishe ta, ta miƙo maka wannan hannun, ba ka gani ba. Tsohuwa mai ciwon suga. Da ya ruɓe fa?

Kada ka sake rubuto min kalmar ƙwace.

Tasallah


Sultana, Madina

Yaya,

Wa alaikumus salam.

Na ga hoton. Na kasa tsayuwa a shago, na ce wa mai shagon ba ni da lafiya na koma gida.

Ba zan yi miki musu ba, ban gani ba. Amma ke ma duk Juma'a kina zuwa, ke kike kwaɓa mata lallen wani lokaci, ba ki gani ba. Mu biyu muka ajiye ta kamar kayan ado, a ba ta abinci, a kai ta Harami, a dawo da ita ɗaki. Ta hau bene da ciwon gwiwa don ta sami wanda za ta yi wa Hausa. Wannan ba zai bar zuciyata ba har in mutu.

Na hau sama da la'asar. Ya rugo wurina kamar yadda ya rugo wurinki, yana neman hannuna. Na rufa masa buhu, na yanka shi. Ni na raine shi tun yana kamar tafin hannu, ni kuma na yanka shi, kuma na yi kuka, ki yi dariya in kina so. Na kai shi bayan gari na binne cikin baƙaƙen duwatsu. Kejin na ɓaɓɓalle shi, na wanke wurin.

Kin ce muddin yana numfashi. To ba ya numfashi. Kin samu abin da kike so, khalas. Ki dawo min da uwata.

Khalilu


Aƙiƙ, Madina

Zuwa ga Khalilu,

Assalamu alaikum. Ban ga amsar takardata ta baya ba, Abban Marwa bai samu biyowa ta Sultana ba sai yau. Ba zan iya jira ba, shi ya sa na sake rubutowa. Kada ka ɗauka na huce ne, ban huce ba.

Inna ta daina cin abinci. Tun ranar da na ga hannun ta juya fuska bango. Na yi tuwo miyar kuka, na dama fura, na sa an kawo mata shurba, romon nan na Larabawa, sai ta taɓa ta ture. Yara sun shiga sun yi mata Larabcinsu, ta yi musu murmushi, suka fita. Ni kuma ka san ba za ta buɗe min ciki ba. Likita ya zo ya ce jikin ba komai, amma in ta ci gaba a haka sai an kwantar da ita.

Yau da safe ta yi min magana mafi tsawo da ta taɓa yi min tun da aka haife ni. Ta ce a bayan gidanmu na ƙauye akwai damo a gindin suri, tun tana amarya take ganinsa in ta je ɗebo itace. Ta ce duk garin nan, ban da Harami, wannan dabbar ce kaɗai ta gane. In ta zauna tana ba shi labarin mutanen gida, wa ya mutu wa ya haihu, sai ya ɗora haɓa a kan ƙafarta ya lumshe ido. Ta ce, "Ku kuna da wuraren zuwa. Ni da shi ne ba mu da su."

Na janye maganata. Ba don kai ba, kuma har gobe ba na ƙaunar wannan abin. Ka bar shi. Ka sa wa kejin kwaɗo, ka riƙe mabuɗin, ka riƙa hawa da ita da kanka bayan la'asar, ta zauna ta yi hirarta ta bayan waya. Ta yarda za ta gwada awartakin in kai ka riƙe mata hannu. Jin haka kawai ya sa ta sha rabin kofin kunu.

Ka zo ranar Juma'a ka ɗauke ta.

Yayarka, Tasallah


Aƙiƙ, Madina

Khalilu,

Assalamu alaikum.

Abban Marwa ya ba ka tawa ya karɓo taka a tsaye ɗaya. Na karanta. Ni na ce muddin yana numfashi, kai kuma ka riƙe wuƙar. Ban san wa zan zaga ba.

Ban gaya mata ba. Ta ci tuwo jiya, ta sa an wanke mata zanen fita, ta ɗaure kayanta tun yau Laraba ta ajiye a bakin ƙofa. Ƙullin da ke tare da wannan takarda ƙwai ne guda biyu, ita ta dafa da kanta. Ta ce a ba Ɗan Ƙauye, a ce masa tana nan tafe.

Na buɗe lambarka. Ka zo Juma'a da wuri, mu shiga wurinta tare.

Wassalam.
Tasallah